Takardar ce ta ce ɗan iska, ko kai?

Yau ba labarai na kawo muku ba. Wani abu ne da ya same ni a wurin aiki, ya daɗe yana cina a rai, kuma minti biyar ɗin da ake ba mu gaban mikoro ba za su ishe shi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Wata ranar Litinin ce, bayan wani aure da aka yi a ƙarshen mako. Kun dai san yadda rakiyar amarya ta koma a garuruwanmu: motoci a tsakiya, samari bisa moto gaba da baya, wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya saki hannu, ga ƙara kamar gari zai tsage. A cikin wannan rakiya ɗaya daga cikinsu ya kwashe wani yaro ɗan shekara 7 da aka aika sayen sikari. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu. Ƴan sanda suka kama samari 5. Da safe kominike ya iso gidan radiyo, da Faransanci kamar kullum, aka miƙo mini in juya shi Hausa kafin labaran ƙarfe ɗaya. A ciki an rubuta "jeunes délinquants". Ko ɗaga biro ban yi ba, na rubuta "wasu ƴan iska". Na karanta, na faɗi sunan unguwar, na wuce zuwa farashin hatsi a kasuwar Dole.

Ranar Laraba mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa na nemana a bakin ƙofa. Na fito na tarar da ita zaune bisa benci, ƙwaryar furarta a gefe, da gani daga talla take. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce: "Kai ne mai faɗin labarai da Hausa?"

Na ce: "Ni ne, Iya."

Ta ce: "To ɗana, ni ce uwar yaron da ya buge ɗan mutane. Ban zo in ce bai yi laifi ba. Ya yi ganganci. Na je likita na duba yaron, na ba uwarsa haƙuri har da hawayena. Ya gagare ni, wannan ma na yarda, tun rasuwar ubansa ban iya da shi ba. Amma ɗana ba ɗan iska ba ne."

Na ce: "Iya, ki yi haƙuri. Takarda aka kawo mana daga komisariya, ni fassara kawai na yi."

Ta dube ni jim kaɗan, ta ce: "Takardar ce ta ce ɗan iska, ko kai?"

Wallahi ban samu amsa ba. Ta faɗa mini cewa ko da ban ambaci suna ba, kowa a unguwa ya san su waye biyar ɗin. Patron ɗin garejin da yaron ke koyon gyaran moto ya aiko a ce masa ko an sake shi kada ya dawo, shi ba ya ajiye wanda radiyo ta kira ɗan iska. Shekara uku yaron ya yi a garejin nan. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Da na koma ciki na sake duba takardar, sai na ga tsohuwa ta fi ni gaskiya, ita da ba ta taɓa zama a benci na lekol ba. "Délinquant" kalmar shari'a ce. A dokar da muka gada laifuka hawa uku ne: ƙaramin da ake biyan tara a wuce, na tsakiya da ake kira "délit", da babba irin kisan kai. Wanda ya aikata na tsakiyar shi ne "délinquant". Wato takardar abin da aka aikata ta faɗa. Ni kuwa na je na faɗi ko su waye, da abin da suke tun haihuwa har mutuwa. Tsohuwar ta jera mini kalmomi uku a numfashi ɗaya, ganganci, gagara, iskanci, ta karɓi biyu ta maido mini ɗaya, kuma ta san dalili. Ni da nake cin abinci da Hausa ban taɓa zama na rarrabe su ba.

Abin kunyar ma shi ne an taɓa yi mini irin wannan fassara, kuma ni na ci riba. Ni ɗan lekol ne, tun daga aji ɗaya har lise da Faransanci aka koyar da mu. Ina kwalej, aji na biyu, wani mushe ya rubuta a takardar sakamakona: "élève turbulent". Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya karanta boko, sai ya miƙa wa yayana ya ce me aka ce. Yayana ya dube ni, na dube shi, ya ce: "Baba, wai yana da ƙiriniya." Baba ya yi dariya ya ce gado ne. Da ya ce "wai ba ya ji", ranar nan da bulala ta ci bayana. Kalma ɗaya ce a takarda, amma hukuncin yana bakin mai fassara. Na san wannan tun ina ɗan shekara 13, na zo na manta da shi ranar da biro ya dawo hannuna.

Ƙiriniya kalma ce mai taushi, ta yara ce. Yaron da ke hawan katanga, ya kunce akuyar maƙwabta, ya fasa tulu, shi ne mai ƙiriniya, kuma tsofaffi har murna suke yi a ɓoye, suna cewa alamar lafiya ce. Sai dai tana da wa'adi. Da murya ta fara buɗewa, abin da jiya ake kira ƙiriniya yau ya zama rashin ji, gobe kunnen ƙashi. Ku lura, duka biyun a kunne suke. Mu a wurinmu tarbiyya ta kunne take shiga: "ji" shi ne saurare, shi ne ganewa, shi ne biyayya. Wanda ya ƙi ji kuwa an ce ba ya ƙi gani ba. In kuma ana so a ɗora wa iyaye laifin, sai a ce an sangarta shi, sangartacce ne. Nan yaron ma kusan an wanke shi, uwar ake harara.

A lekol kalmar da ta fi yi mana zafi ita ce "sauvage". In aji ya cika da hayaniya sai mushe ya buga tebur ya kira mu da ita. Asalinta dabbar daji ce, wadda ba ta san gida ba. Na daɗe ina neman takwararta a Hausa ban samu wadda ta zauna daidai ba. Abin dariya ma, wanda bai waye ba mu bagidaje muke ce masa, wato wanda bai taɓa barin gida ba. Su a wurinsu daji ne ke hana mutum wayewa, mu a wurinmu zaman gida. Da na bi kalmominmu na rashin jin magana ɗaya bayan ɗaya, sai na ga da yawansu daga turke muka ɗauko su, ba daga dawa ba. Doki ne ke tutsu, ya yi tsalle ya kayar da mahayi. Jaki ne ke turjiya, ya kafe a tsakiyar hanya ko za a kashe shi. Horon da muke cewa a yi wa yaro, shi ake yi wa doki kafin a ɗaura masa sirdi. Muna cewa bakin wane ba linzami, muna cewa wance ta tsinke igiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san dokin da ya fi tutsu sau da yawa shi ya fi tsada. Ba a yanka doki don ya yi tutsu, mai iya hawansa ake nema. Kuma duk tutsunsa, doki yana da mai shi, yana da turken da zai koma da yamma.

Wannan ne na gane a maganar tsohuwar. Da ta ce "ya gagare ni", ba sallama shi ta yi ba. Ku gwada kalmar a bakinku: ya gagare ni, ya gagari ubansa, ya gagari malamai. Kullum akwai wanda aka gagara, akwai wani a ɗaya bakin igiyar yana ja. Mai faɗin haka yana shaida cewa ya yi ƙoƙari ƙarfinsa bai kai ba, rabin maganar a kansa take. Shi ya sa gagara ita ce kalmar da ta fi kowace fuska biyu a cikinsu. Da ita ake kuka da yaro, da ita kuma ake kirarin sarki. Gagarabadau ba zagi ba ne. Gagarumin aiki babban aiki ne. Abin da ya gagari misali abin yabo ne. Ku je filin kokowa lokacin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ku saurari maroƙa: ɗan kokowar da aka ce ya gagara shi ake ɗauka a kafaɗa. Halin nan guda ne, ƙin sunkuyawa. In ya faɗa cikin fili da alƙali da ƴan kallo ya zama jarunta, in ya faɗa bakin titi babu aiki babu lekol ya zama abin da kuka sani.

Amma fa ga maza. Ban taɓa jin an ce yarinya ta gagara ana nufin yabo ba. Ita daga rashin kunya sai fitsara, daga fitsara sai kalmar nan ta ƙarshe, kuma in aka ce mata ƴar iska babu mai tunanin gudu da moto, wuri guda hankalin kowa ke zuwa. Namiji na iya yin iskancinsa ya gama, ya tuba, ya je Makka, a riƙa cewa "ai Alhaji an taɓa duniya" ana dariya. Ita kuwa har ƴaƴanta sai an yi wa gori. Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa sojojin Bule a 1899, yau alfahari muke da ita. Da a unguwarmu take yanzu, ban san da wane suna za mu kira ta ba.

Akwai wata ƴar'uwar gagara da nake tsoro, ita ce kangara. Icce ne ya bushe ya ƙi lanƙwasuwa, kuma kun san karin maganar, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da an ce yaro kangararre ne, an yanke cewa baki ya ƙare, saura ƙarfi. A makwabciyarmu Najeriya har gidaje ake da su na kangararru, wasu na ce musu gidan mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka fasa wani a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Ƴan makonni bayan nan aka fasa wasu a Daura da Katsina, nan kusa da mu. Mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi. Ba mugunta ce ta kai iyayen ba. Sun gaji ne, wani ya ba su kalma, kalmar ta zo da maganinta.

Bari in dawo kan ganganci, don ita muka fi amfani da ita a labarai kuma ita muka fi yi wa rashin adalci. Tushenta a fili yake: da gangan. Mai ganganci ya ga ramin, ya san rami ne, ya taka. Ta bambanta da sakaci, inda mutum ya yi barci a kan abin da ya kamata ya tsare. Ta bambanta da garaje, wanda gaggawa ce marar lissafi, shi ya sa aka ce garaje ba ƙarfi ba ne. Ta yi hannun riga da tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa kuma ba a tuhumar kowa a kansa. Ɗan tsohuwar nan ganganci ya yi, babu ja. Ya san akwai yara a titi, ya san birkinsa, gyaran moto ne sana'arsa. Kalmar ta dace da shi kamar an auna. Alherinta guda ne: aikin take zagi, ta bar mai aikin a tsaye. Mutumin kirki na iya yin ganganci ranar Asabar ya wayi gari ranar Lahadi yana nadama.

To amma ku saurare mu da kyau, mu ƴan radiyo, ku ji wa muke ba wace kalma. Ɗan kabu-kabu ya buge mutum, tuƙin ganganci. Ɗan mai kuɗi ya buge mutum da babbar motar ubansa a kan titin nan guda, sai ka ji "wani haɗari ya rutsa da", sai ka ji "tsautsayi". Motar haya ta ɗauki kaya har ta fi tsawonta ta kife, a ce direba ya yi ganganci, ba a taɓa cewa mai motar da ya ƙi sayen taya ya yi ba. Ni kaina na sha karanta irin wannan, ba wani nake nuna wa yatsa ba.

Sai kasada, wadda ita ce ganganci mai dalili. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa duka a niyebe yana jiran farashi ya hau, kasada ya yi, in ya ci a ce yana da zuciya. Inda kalmomin biyu suka haɗu suka rikice mini shi ne a watan Oktoba na 2013, ina sabon shiga aiki. Kun tuna gawarwaki 92 da aka tsinta a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata da yara ne, kuma daga yankin Kance suka fito, nan cikin jiharmu. Gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana uku. Muka buɗe layi ga masu saurare. Wani ya kira daga cikin gari, ransa a ɓace, ya ce wannan ganganci ne, uwa ta ɗauki jinjiri ta shiga Sahara. Bayansa wata mata ta kira daga ƙauye, ta ce Malam, wanda rumbunsa ke da hatsi shi ke kiran abin ganganci, mu kasada muke ce masa. Ni ina tsakiya da mikoro, na ce mu je ga mai saurare na gaba. Har yau in na tuna sai in ga dukansu Hausa mai kyau suka yi, kowa daga inda yake zaune. Haka aka sake yi a watan Mayu na 2019, da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin Yamai mutane suka taru da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 50. Ganganci ne, i. Amma wanda ya faɗi kalmar ya tsaya nan bai faɗi rabin labarin ba.

Yanzu kalmar da na yi amfani da ita. Ɗan iska. Mun saba da ita har ba ma jin abin da take cewa. Ɗa ne, amma ba na wane ba, ba na wance ba, na iska. Iska ba ta da gida, ba ta da dangi, ba a ɗaure ta, ba a bin ta bashi. Duk sauran kalmomin da na lissafa sun bar wa yaro wani abu: mai ƙiriniya yana da ƙuruciya, marar ji yana da mai yi masa magana, gagararre yana da wanda ya gagara, mai tutsu yana da turke. Ɗan iska an kwance shi daga kowa. Shi ya sa tsohuwar ta ƙi ta. A gaban duk garin na ce yaronta ba shi da uwa, ga ta kuwa zaune bisa benci da ƙwaryar fura.

Na san abin da wasunku za su rubuto. Ai kalmar wasa ce, kullum muna faɗa wa juna. Gaskiya ne. A fada, abokina in ya ci ni a karta ɗan iska nake ce masa, ya yi dariya ya zuba mini shayi. Kaka na ce wa jikanta haka tana ba shi alewa. Amma wannan a tsakanin waɗanda suka san juna ne, inda kowa ya san ɗan waye. Radiyo ba fada ba ce. Muryar da ke fitowa daga akwatin nan ƙarfe ɗaya na rana, mutanen ƙauye da na birni suna ɗaukarta kamar hatimi. Sau nawa kuka ji an kashe gardama da "ai a radiyo aka faɗa"?

Tunda na ambaci fada, ga wani abu da ke ba ni mamaki a garin nan namu. Fada asalinta ta sarki ce. Samari suka ari sunan suka ba wuraren zamansu na shan shayi da hira, abin ya bazu a shekarun 1990, lokacin da gidajen radiyo masu zaman kansu suka buɗe kowace fada na aiko da gaisuwa. Daga baya wasu ƙungiyoyin suka fito, masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa da unguwa, aka kira su ƴan pale. To "palais" ɗin nan mene ne in ba fada ba da Faransanci? Kalma guda ce. Da Hausa ta zama wurin shayi, da Faransanci ta zama abin da uwa ke jin tsoro. A Kano ƴan daba suke cewa, a Gombe ƴan kalare, a Bauchi sara-suka, kowane gari da sunan da ya raɗa wa nasa. Mu namu da aka samu sunan sai ya zama buhu, komai a zuba. Bayan tarzomar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a nan Damagaram, bakin mutane da yawa kan ƴan pale ya tafi, kamar su kaɗai suka fito titi ranar. Kuma in aka ce pale sai a ce Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ba ya son gani. Ƴar garin nan Aisha Maki ta shiga unguwar da kyamara ta yi fim ɗinta mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. Wanda ya kalla ya ga masu laifi a ciki, ba a ɓoye ba. Ya kuma ga masu fasa dutse, da masu sayar da man sumoga, da wanda ya bar pale ya koma kabu-kabu yana ciyar da iyali. Mu a labarai kalma ɗaya muke da ita ga dukansu.

Wata kalmar ma ta canza a hannunmu muna kallo. Da can in tsoho ya ce yaro ɗan ta'adda ne, maɓarnaci yake nufi, mai ɗanyen aiki. Tun da rikicin Boko Haram ya iso Difa a 2015 kalmar ta koma ta masu ɗaukar bindiga. Yau ka kira ɗan maƙwabcinka da ita a bainar jama'a, kana iya jawo masa abin da ba ka yi niyya ba.

Da na kai wannan magana ɗakin labarai, wani abokin aikina da ya girme ni ya ce: "To me kake so mu kira su, malamai? Je ka tambayi uban yaron da aka karya." Kuma yana da gaskiyarsa. Na je na ga yaron a likita, ƙafa a ɗaure da filasta har cinya, ubansa ɗan dako ne, kuɗin hoton ƙashi ma sai da aka yi masa karo-karo. In da shi aka ba mikoro ranar, abin da zai faɗa ya fi nawa zafi, kuma babu mai ce masa don me. Ban kuma ce babu ƴan iska a gari ba. Wanda ya tare yarinya a lungu, wanda ya sari mutum don waya, wanda ke sayar wa yara tramol a ƙofar lekol, ni ma a bakina sunansu ke nan. Abin da na ce wa abokin aikina shi ne uban yaro yana da haƙƙin fushi, mu kuwa ba fushi aka ɗauke mu aiki mu yi ba. Kuma a cikin biyar ɗin da aka kama, ɗaya ne ya buge yaron. Sauran huɗun gudu suka yi a rakiya, abin da rabin samarin garin ke yi duk Asabar, wasu ma ƴaƴan masu saurarenmu da suka fi kowa kiran waya suna Allah wadai.

Na nemi a bar ni in yi gyara a labaran washegari. Shugaban sashe ya ce ba a gyara abin da ba ƙarya ba, kuma ba mu ambaci suna ba. Ban yi gardama ba, ina da iyali. Abin da na iya shi ne na daina. Yanzu in kominike ya zo, abin da aka aikata nake faɗa: samarin da ake zargi da tuƙin ganganci, waɗanda aka kama da satar waya, waɗanda suka yi faɗa da makami. Ya fi tsawo, wani lokaci har mai kula da na'ura na yi mini alama da hannu in gaggauta. Na kuma je garejin da kaina na samu patron ɗin, na ce masa kalmar tawa ce, ba ta komisariya ba. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, ya ce ya ji, amma ya riga ya ɗauki wani yaron.

Bayan kamar shekara guda moto na ya mutu a hanyar Mirya, na tura shi zuwa wata ƴar rumfa a bakin titi. Saurayin da ke ciki ya kunce bujin yana hurawa, na yi magana, sai ya ɗago kai. Muryar ya gane, kamar yadda kowa ke gane mu. Ya ce: "Yaya, ba kai ne na radiyo ba?" Na ce ni ne. Ya ce: "Iyata ta ce ta je wurinka." Jikina ya yi sanyi. Ya yi wata huɗu a kaso, ya ce, yanzu rumfar nan tasa ce, da kuɗin adashin uwarsa aka kafa ta. Na tambaye shi yaron fa. Ya ce yana tafiya, amma yana ɗan ɗingishi, kuma duk ƙarshen wata yana kai wa uban abin da ya samu. Na ce masa ya yafe mini kalmar da na faɗa. Ya yi dariya ya ce: "Ai ku ne ƴan iskan gaskiya, Yaya, maganarku iska ke kai ta gidan kowa."

Ya caje ni jikka ɗaya, na ba shi biyu, ya maido mini ɗaya. Ya ce bari ya gwada moton kafin in hau. Ya tayar, ya hau titi, ina tsaye ina kallo ya ɗaga ƙafar gaba.